Kwafi 500 ka buga, ina sauran 400?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Na yi shekara biyu ina zana labarin ban tsoro, na wata aljana da ke zaune a tsohuwar rijiya. Na sayar da babur ɗina na buga kwafi 500 a Kano kan sefa jaka 600. Muna sayar da ɗaya jaka 2, mai shago ya ɗauki sefa 500. Ɗan kawuna ne ya kai aikin maɗaba'a, shi ke rarrabawa. Kullum cewa yake littafi na tafiya, amma cikin wata 8 jaka 150 kawai suka shigo hannuna. Ina so in ci bashi in buga kashi na biyu mai launi, ko Allah zai sa 'yan fim su saya. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye maganar bashi, ajiye ta fim, ka ɗauko alƙalami. Kowane kwafi ya tsaya maka a sefa 1,200. Bayan kason mai shago, 1,500 ke dawowa gare ka. Jaka 150 ɗin da ka karɓa kuɗin kwafi 100 ne. To ina 400? Suna shago a Kasuwar Dole? Suna ɗakin ɗan kawunka? An sayar an cinye kuɗin? Ba ka sani ba, kuma wasiƙarka ta nuna ba ka taɓa tambaya da gaske ba. Matsalarka ke nan, ba rashin jari ba.

Ban ce ɗan'uwanka ya cuce ka ba. Cewa na yi ka miƙa masa guminka na shekara biyu ba takarda, ba ƙidaya, don kana jin nauyin kawu. Ka ga rasit ɗin maɗaba'a da idonka? A Kano da naira aka biya, kai kuma sefa ka bayar. A kan nawa aka canja ranar? Da katon-katon suka iso tasha, ka buɗe ka ƙirga, ko dai ka ce Alhamdu lillahi ka juya?

Ina faɗa maka haka ne don ni ma ta taɓa ci na. Shekarun baya na sa kuɗi a buga wani ƙaramin littafi, na bar wa surukina rarrabawa. Duk sanda na tambaya sai ya ce kasuwa lafiya. Bayan damina na je shagonsa da kaina, na tarar da katon uku a ƙasa, jikin bango. Da na ɗaga na ƙasan, gindinsa ya zube a hannuna, gara ta mayar da littattafan gari. Mutumin nan bai ci mini ko dala ba. Bai ƙirga ba ne, ni ma ban ƙirga ba, kuma asarar da na yi daidai take da ta wanda aka yi wa sata.

Dubi lissafin har ƙarshe. Sai ka sayar da kwafi 400 kafin uwar kuɗinka ta dawo. Ko duka 500 suka tafi, ribarka jaka 150 ce. A kan wannan siririyar riba kake son ɗora bashi, ka ƙara da launi mai ninka kuɗin bugu? Labarin tsoro ma baƙi da fari ya fi yi masa kyau, duhun rijiyar nan shi ne jarinka. Abin da za ka kashe wa kuɗi shi ne takarda mai kauri, don baƙin tawada kada ya huda zuwa bayan shafi. Su kuwa 'yan fim, in ma sun zo, abin da za su fara tambaya shi ne kwafi nawa ka sayar, kuma yau ba ka da amsa.

Wannan makon ka sayi littafin rubutu, ka je wurin ɗan kawunka cikin mutunci, ka ce ƙidaya kake so ku yi tare. Ku bi shago-shago, a rubuta nawa aka kai, nawa aka sayar, nawa suka rage, mai shago ya sa hannu. Abin da ya rage a ɗaki ka kwaso, ka ɗora kan katako. Ka karɓo ainihin zanenka da fayil ɗin bugu su dawo hannunka, sannan ka yi wa aikin rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta BNDA.

Sauran kwafin ka sayar da kanka. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da 'yan lise su ne masu karanta irin wannan. Saka shafi uku mafi tayar da tsikar jiki a WhatsApp da Facebook, wanda ke Maradi ko Yamai ya turo kuɗi tukuna, ka aika masa a mota. Idan ɗan kawunka ya fara kwana-kwana kan ƙidayar, kada ka yi faɗa da shi, ka sa kawu ya zauna a tsakani. Ka sake rubuto mini da adadin da kuka samu, sai mu duba maganar kashi na biyu.