Tambaya da Amsa: Kifin da Ba Shi da CD4, da Maganin da Ake Zuba wa Tarwada

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da abinci ce a Sabon Gari, Kano. Yawancin masu cin abincina 'yan Kudu ne, shi ya sa miyata ta agushi ba ta rabuwa da kan busasshen kifin nan da ake kira okporoko. Ɗana da ke karatun gwaje-gwajen asibiti ya zo hutu, ya ce min an gano wannan kifi ba shi da CD4 ko ɗaya a jikinsa. Ni kuwa na san CD4, domin ni ke kai ƙanwata asibiti ana auna mata, kuma duk ranar da aka ce ya sauka ba ma barci. Tun da ya faɗa min gabana ke faɗuwa. Don Allah, kifi mai ƙanjamau nake dafa wa mutane? Daga wata mai abinci, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa ƙanwarki lafiya, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya. Ki kwantar da hankalinki, ki ci gaba da miyarki. Ɗanki bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya kawo miki, sauran rabin kuwa shi ne mai daɗin ji.

Wannan busasshen kifi mai tauri kamar icce, asalinsa kifin teku ne da ake kira kod, tare da wasu 'yan'uwansa na jini. Da yawa daga cikin wanda ke shigowa Nijeriya daga ƙasar Norwe yake. Tsakanin Janairu da Afrilu, garken kifin kan baro tekun Barents mai tsananin sanyi, ya gangaro gaɓar tsibiran Lofoten don ya yi ƙwai, a nan masunta ke tare shi. Sai a fafe cikinsa, a cire kan, a ɗaure wutsiya biyu-biyu a rataye bisa dogayen rumfunan katako. Ba gishiri, ba hayaƙi. Iska mai sanyi ce kaɗai ke aikin har wajen wata uku, sai kifin ya koma kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na nauyinsa. Mafi kyawun gangar jikin yakan tafi Italiya. Kawunan kuwa a zarge su a igiya su bushe, a cusa a buhu, su nufo Legas, daga nan su iso kasuwarku.

A shekarar 2011 wasu masana a Jami'ar Oslo, ƙarƙashin Farfesa Kjetill Jakobsen, suka kammala karanta kundin gadon wannan kifi, wato rubutun DNA da ke cikin kowace ƙwayar jikinsa. Haruffa ne wajen miliyan 830, ɗauke da ƙwayoyin gado sama da 22,000. Suna cikin dubawa suka nemi ƙwayoyin gadon da ke gina wani abu mai suna MHC na biyu, suka rasa. Suka nemi na CD4, sai wani guntun ragowa suka tarar wanda ba ya aiki. Suka buga sakamakon a mujallar Nature, masana garkuwar jiki suka yi ta al'ajabi, domin kafin nan an ɗauka duk wata dabba mai ƙashin baya da muƙamuƙi ba ta rayuwa sai da waɗannan.

Ga yadda abin yake a jikinmu ni da ke. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini masu aikin sintiri. Idan suka ci karo da ƙwayar cuta sai su haɗiye ta, su daddatsa ta, su ɗora ɗan guntunta a kan wani faifai su ɗaga sama, kamar yadda 'yar talla ke ɗaga farantinta a gani. Wannan faifan shi ne MHC na biyu. Wanda ke zuwa ya duba abin da ke kan faifan shi ne wata ƙwayar jini mai ɗauke da wata alama a jikinta, alamar ita ake kira CD4. Ba ita ke kashe cutar da hannunta ba. Ita ce sarkin yaƙi, ita ke ba da umarni ga maƙeran da ke ƙera makamin da ya dace da wannan cuta takamaimai, ita ce kuma ke sa jiki ya riƙe kamannin maƙiyin don gaba. Shi ya sa likitocin ƙanwarki ba sa wasa da adadinta. Akwai ma jarirai da ake haifa ba su da wannan faifan kwata-kwata. Tun a shekararsu ta farko gudawa da ciwon huhu ke sa su gaba, kuma idan ba a yi musu dashen ɓargo ba, da wuya su girma.

To ga kifi ba faifai, ba sarkin yaƙi, amma yana kai shekara 20 a teku, wani har ya fi babban mutum nauyi. Ikon Allah ke nan. Abin da aka gano shi ne ya cike gurbin ta wasu hanyoyi. Akwai wani faifan, MHC na ɗaya, wanda mu manyan iri uku muke da su. Shi kod yana da kwafinsa wajen 100. Akwai kuma wasu masu gadin ƙofa da ake haihuwar kowa da su, masu gane ƙwayar cuta da ganin farko ba sai an koya musu ba. Kifin ya yi asarar wasu daga cikinsu, amma ya ninninka wasu. Jininsa kuma cike yake da makamai na gama-gari, masu kama kowace irin cuta gwargwado. A 2016 aka gwada kundin gadon nau'in kifi 66, aka ga duk dangin kod da ke cikinsu haka suke, kuma masana suka ƙiyasta cewa kakanninsu sun rabu da faifan MHC na biyu tun wajen shekara miliyan 100 da suka wuce. Kifin ƙanƙara da ake ce wa panla ma daga wannan gida yake. Tarwada da karfasa kuwa suna da nasu CD4 ɗin daram.

Ki lura da bambancin, domin nan ne amsarki take. Ƙanwarki an haife ta da CD4, cuta ce ta zo tana cinye mata su. Kifin nan ba ciwo yake yi ba, halittarsa ce haka, kamar yadda kaza ba ta da haƙori kuma ba a ce ta yi giɓi ba. Ƙwayar HIV mutum take kamawa, ba ta rayuwa a jikin kifi. Hasali ma CD4 ita ce ƙofar da take bi ta shiga ƙwayar jinin mutum, shi kuwa wannan kifi ko ƙofar ba shi da ita. Rashin kuma ba ya bin abinci ya shiga jikin wanda ya ci. Ƙanwarki ma ki zuba mata, nama ne mai gina jiki.

Inda nake so hankalinki ya koma shi ne ajiyar kifin bayan ya iso nan. Ƙwari na son busasshen kifi, kuma akwai 'yan kasuwar da ke yayyafa masa fiya-fiya don ya daɗe, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Ki shinshina kafin ki biya. Idan kin ji wari mai hawa kai irin na maganin sauro, ki ajiye, komai arharsa. Wanda kika saya kuma ki jiƙa shi, ki zubar da ruwan farko, ki wanke da ruwan zafi, ki buɗe kan ki duba lungunan da garin ƙwari ke taruwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina kiwon tarwada a tankunan siminti huɗu a bayan gidana, ni nake ƙyanƙyasar 'ya'yana da kaina. Shekara uku da suka wuce da wuya in ga gawa. Yanzu kowane zubi sai na yi asara: ciki ya kumbura, fata ta yi gyambo, gashin baki ya yi fari ya gutsure. Ina zuba jan kafso da garin maganin kaji a ruwa, amma abin sai gaba yake yi. Na ji an ce Turawa allura suke yi wa kifi. Gaskiya ne? Daga wani mai kiwon kifi, Zariya.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Gaskiya ne, kuma ramin da kake ciki su ma sun taɓa faɗawa.

Mutanen Norwe sun fara kiwon kifin salmon cikin kejin raga a teku tun wajejen 1970. Da kifin ya yi yawa wuri guda sai cututtuka suka ɓarke, su ma suka koma zuba magani. A 1987 kaɗai sun yi amfani da maganin kashe ƙwayoyin cuta kusan tan 50, alhali kifin da suka noma a shekarar wajen tan dubu hamsin ne kawai. Abin da ya fitar da su rigakafi ne. Zuwa farkon shekarun 1990 an samu allura mai ƙarfi, kuma yau kowane ɗan salmon, tun yana kamar tsawon tafin hannu, sai an sa shi a ruwan da zai sumar da shi na ɗan lokaci, a soka masa allura a ciki, kafin a kai shi teku. Inji ke yin yawancin aikin, kifi ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwan miliyoyi a shekara. Yanzu suna noma sama da tan miliyan 1, maganin kuwa a yawancin shekarun nan bai kai tan 1 ba. Ƙasar Chile, wadda ke fama da wata cutar da rigakafinta bai yi ƙarfi ba, har yanzu ɗaruruwan tan take zubawa.

Amma ba allurar nake so ka fi riƙewa ba, tunda ba ka da ita a hannu. Akwai wata cutar bairos mai suna IPN da ke karkashe 'ya'yan salmon. An lura a tanki guda, 'ya'yan wasu iyaye su ƙare ƙaf, na wasu kuwa ko gezau. Masana a Sikotilan da Norwe suka bi diddigi, wajejen 2008 suka gano cewa kusan duk bambancin daga wuri guda yake a kundin gadon kifin. Daga nan sai a yanki ɗan guntun fiffiken uwa ko uba a gwada, wanda ke ɗauke da gadon juriya shi za a bari ya haihu. Ba a cusa wa kifin komai ba, zaɓen iri ne irin wanda Bafulatani ke yi idan zai bar bijimi a garke, sai dai wannan da awo ake yinsa. Gonakin da cutar ta ɓulla a Norwe sun haura 200 a 2009, cikin 'yan shekaru suka dawo ƙasa da 50.

Abin da ya tsaya min a wasiƙarka shi ne inda ka ce kai kake ƙyanƙyasa da kanka. Na san yadda ake yi: a yi wa mace allura da dare, da safe a matse ƙwan a roba, a yanka namiji a ciro 'ya'yan marainansa a tsiyaye a kai. Tunda namijin mutuwa yake yi, zubi na gaba sai mutum ya leƙa tankinsa ya ɗauko babba cikin 'ya'yan bara. Ita ma macen daga nan take. Wa da ƙanwa ke nan, shekara bayan shekara. Faifan nan da na yi wa Hajiya bayani a sama, ƙarfinsa yana ga bambancinsa, domin kowane iri akwai cututtukan da ya iya nunawa da waɗanda ke kuɓuce masa. Idan kifi 5,000 duk faifai iri ɗaya suka gada, cutar da ta kuɓuce wa ɗaya ta kuɓuce wa duka. Ka nemo maza daga wata gona mai nisa wadda ba daga wurinka ta sayi iri ba, ka haɗa mace da maza biyu ko uku, ka rubuta wa ya haifi wa a littafi. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa da sashen kiwon kifi na jami'o'i wurare ne da za ka nemi shawara kan iri.

Sannan ranar da ka yanka tarwada ka tsaya ka duba. Bayan ka cire kayan ciki, za ka ga wani abu ja-ja mai duhu manne da ƙashin baya, wanda mata ke kankarewa da wuƙa suna cewa gudan jini ne. Ƙoda ce. Kifi ba shi da ɓargo kamar namu, ba shi da kaluluwa, a nan ne da saifarsa yake ƙera sojojin jininsa. Nakan nuna wa ɗalibaina wannan wuri kafin komai. A lafiyayyen kifi lafe yake, a wanda cuta ta ci kuwa sau da yawa za ka gan shi ya kumbura ya yi laushi. Yauƙin da ke bayan tarwada kuma katangarta ce ta farko, ɗauke yake da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta. Duk sanda aka kwashe ta da busasshiyar raga, ko aka zube ta a kan siminti wajen tantance girma, an goge mata wannan katanga, kuma daga nan gyambon ke farawa.

Jan kafson nan ka daina shi, ina roƙonka. Wanda aka zuba a ruwa ba bisa awo ba, raunanan ƙwayoyin cuta yake kashewa ya bar maka masu taurin kai, ruwan kuma ya gangara kwata ya shiga lambun mutane. Ka rage cunkoso a tankunan. Ka canja ruwa kafin ya fara wari, musamman bayan ciyarwa. Da hunturu ka rage abinci, domin kifi zafin ruwa yake bi, idan ruwa ya yi sanyi cikinsa da garkuwarsa duk sanyi suke yi, abincin da ya bari kuma shi ke ruɓewa a ƙasa. Idan mutuwa ta sake farawa, ka ɗauki kifi biyu ko uku da suka jigata amma suna da sauran rai, ka sa su a bokiti da ruwansu, ka kai asibitin dabbobi a gwada a ga wace ƙwaya ce da maganin da ke jinta. Ka sake rubuto min bayan zubi na gaba, ka faɗa min daga ina ka samo mazan da kuma guda nawa suka mutu a mako huɗun farko.