Bello, maigida ba a barinsa ta imel

Assalamu alaikum Bello. Saƙonka ya iso, na yi dariya har innarku ta leƙo tana tambayar lafiya, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai. Ka ce kai da abokanka za ku buɗe naku kamfanin, manhajar da za ta haɗa manoman albasa da masu saye a Legas. Kana tambaya wai a al'adarmu dole ne ka je ka nemi sallama wurin mutumin da ka yi wa aiki a Abuja, ko takardar ajiye aiki da ka tura masa ta imel ta wadatar, tunda albashi yake biyanka kuma ba ubanka ba ne.

Ka jero mini sunayen kamfanoni kamar ina musu da kai. Kawunka yana sauraren rediyo, Bello. Na ji lokacin da Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, a 2020, aka ce kuɗin ya haura dala miliyan 200, alhali samari biyu ne, Shola Akinlade da Ezra Olubi, suka fara shi a 2015. Na ji Flutterwave, shi ma irin wannan kamfanin, da aka yi wa kima sama da dala biliyan 3 a 2022. M-Pesa kuwa tun 2007 mutanen Kenya ke tura kuɗi da shi ta waya, lokacin mu nan direban mota muke ba ambulan. OPay da Moniepoint ba sai ka gaya mini ba, a farkon 2023 da aka canza takardun naira kuɗi suka ɓace, da na'urar POS muka ci abinci a Sakkwato, har mai nama da mai kayan miya sun manna lambar asusu a jikin rumfa. Yaran nan sun yi aiki, ban raina musu ba. Amma tunda kai ka kawo Moniepoint, ka san Tosin Eniolorunda da ya kafa shi a kamfanin Interswitch ya yi aiki kafin ya buɗe nasa a 2015? Shi ma daga ƙarƙashin wani ya fito. Babu wanda ya tsiro daga ƙasa.

Ni a hannun wani Alhaji mai fatu da ƙiraga na tashi, Allah Ya jiƙansa. Ba ɗan'uwanmu ba ne, aminin kakanka ne. Aikina shanya fata, kaɗe ta, ware ta jar akuya daga ta tumaki, ɗaure dami, lodi a mota zuwa Kano. Warin fata ya kama jikina har 'yan mata na toshe hanci idan na je dandali. Albashi babu. Tuwo a gidansa, ɗinkin salla, in ka yi ciwo shi ke kai ka asibiti, ranar da aka ɗaura mini aure shi ya biya sadaki.

A shekarar da Shehu Shagari ya hau mulki, 1979, wata rana bayan la'asar ya aiko a kira ni zaure. Gabana ya faɗi, na ɗauka an ƙirga dami an ga giɓi. Ina shiga na tarar da liman, da kakanka, da dillalai uku na kasuwa, ga ƙwaryar goro a tsakiyar tabarma an lulluɓe da ɗanyen ganye. Na tsuguna a bakin ƙofa inda takalma suke. Alhaji bai ko dube ni ba. Ya ce da mutane, "Wanga yaro ɗana na. Ya riƙa mini dukiya ban ga ha'inci ba. Yau na sallame shi." Ya zaro ƙunshin kuɗi a cikin hankici daga aljihun 'yar shara, ya miƙa wa kakanka, kakanka ya miƙa wa liman, liman ya tofa addu'a sannan ya iso hannuna. Ya haɗa mini da tsohon sikelinsa mai ƙugiya. Aka raba goro, aka shafa fatiha.

Ni a lokacin kuɗin nake kallo, duk dare ina lissafin fata nawa za su saya. Washegari ya ce in biyo shi kasuwa. Ya zaga da ni rumfa rumfa, tsoho ne yana dogara sanda, rana ta take, amma bai tsallake ko mutum ɗaya ba. Duk inda ya tsaya magana ɗaya ce: abin da wannan ya ɗauka, in bai biya ba ku zo wurina. Har Illela ya kai ni ranar kasuwa, ya nuna ni ga mutanen Birnin Ƙonni masu ƙetaro da fata. Sannan ya rubuta wasiƙa da ajami, ya naɗe ta ƙanƙanuwa, ya ce in kai wa maigidansa na Kano. Da na je, dattijon ya ɗaga takardar kusa da idonsa, ya karanta, ya sake karantawa, ya cusa ƙarƙashin buzu. Ya ce a ba ni masauki da fura. Damin fatar da na kai ko kwance shi ba a yi ba aka biya ni, har ya ƙara mini kuɗin da zan sayo masa kaya na gaba, babu shaida babu sa hannu. Jarin hankici bai daɗe ba ya narke cikin ciniki, yawon nan na kasuwa shi na ci har na yi furfura. Kakanka yakan ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Akwai wani da muka yi zama tare a gidan, ya fi ni wayo nesa ba kusa ba, ya fi ni sanin fata. Ya gaji da jira, ya kwashe kayansa da dare ya kama rumfa. Bai saci ko kwabo ba, kuma Alhaji bai taɓa zaginsa ba. Sai dai duk wanda ya je neman bashin kaya wurinsa, tambayar farko ita ce, Alhaji ya sani? Ba a hana shi ciniki ba, amma komai sai kuɗi hannu. Bai yi nisa ba.

Kada ka ɗauka ina cewa da can kowa waliyyi ne. Akwai iyayen gida da suka tsufar da yara a rumfa ba sallama, sai gobe sai jibi, yaro ya haifi 'ya'ya biyar yana jiran hankici. Ku na yanzu kun tsira daga wannan, albashinku a rubuce yake, kuma mutuminka na Abuja ba ya binka bashin tuwo. Abin da ke damuna shi ne saurin da kuke yi. Yaro ya koyi aiki wata shida sai ya buga kati ya rubuta shugaban kamfani, a wuce dattijo a yi masa sallama da ɗaga waya, ta'aziyya ma a turo ta a rubuce da hoton hannaye biyu. Kakarku, Allah Ya haskaka kabarinta, kullum cewa take zumunci a ƙafa yake.

Ka ce masu zuba jari za ku nema, su ba ku dala su karɓi kaso. To, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, na yarda. Su ma Paystack sai da Y Combinator na Amurka, mai rainon sababbin kamfanoni, ya karɓe su a 2016 kafin manyan masu kuɗi su juyo. Wato wani ne ya tsaya musu. Mai dalar nan bai san kakanka ba, bai san unguwarmu ba. In yana son sanin halinka, wa kake jin zai bugo wa waya? Ni dai da ni ne, da na sayi turare mai kyau na je har gidan mutumin nan naka na Abuja, ba ofis ba. Amma Abuja ba Sakkwato ba ce, kai ka san halin naka maigidan.

In za ka zo salla ka taho da kwamfutar ka nuna mini manhajar, akwai masu albasa a Gada da Goronyo da har yanzu suna jin maganata. Ka shirya amsa tun yanzu, don tambayar da za su fara yi maka ita ce: idan mota ta lalace tsakanin Kontagora da Jebba, albasa ta kwana uku a rana ta fara ruwa, wa zai biya, manomi ko mai saye ko ku? Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar ya iso.