Amsa ga 'yar'uwar da ta tambayi inshora don maganin Hajiyarta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce Hajiyarku tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuɗin magani na wata-wata ya fara gagarar ku, kina tambaya ko inshorar gwamnati tana ɗaukar magani ko ganin likita ne kawai. Allah Ya ba ta lafiya. Inshorar tana ɗaukar magani, amma akwai inda gizo ke saƙa, ni ma sai da na sha wahala kafin na gane.

Babanmu yana zaune da mu a Agege ta Legas, shi ma waɗannan cututtukan biyu ne. Daga 2023 da naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK kuma ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya, magani ya yi tashin gwauron zabi. Wata rana da asuba na tarar da shi a kan darduma yana raba ƙwayar hawan jini biyu da reza, wai don ta kai ƙarshen wata. Bai gaya wa kowa ba, kunyar tambayarmu kuɗi yake ji. Ranar nan na nemi Ilera Eko.

Ilera Eko shi ne tsarin inshorar jihar Legas, hukumar LASHMA ke kula da shi. Mutanenmu da yawa suna zaton na 'yan asalin jiha ne kaɗai. Ba haka ba ne, na duk mazaunin Legas ne. Mun je da katin LASRRA, wato katin shaidar zama a Legas, da lambar NIN, muka biya na shekara, aka ce mu zaɓi asibiti.

To nan na yi kuskure. Na zaɓi wanda ya fi kusa da gida ban bincika ba. Sai mu wuni a layi, a ga likita, a zo tagar magani a ce "babu, ku saya a waje". Sau uku ana mana haka. Kati a aljihu, kuɗi kuma na fita a kemis. Daga baya na nemi a canza mana asibiti, kuma kafin na zaɓa sai da na je da kaina na zauna a benci na tambayi tsofaffin da ke jira ko ana ba su maganinsu a ciki. Wannan tambayar ta fi duk takardar da aka ba ni amfani.

Abu na biyu sunan magani. Inshora tana da jerin magungunan da take biya, kuma da sunan asali ake rubuta su, ba sunan kamfani ba. Baba ya saba da Norvasc, alhali amlodipine ne. Glucophage kuwa metformin ne. Da aka ba shi a wani kwali daban ya ƙi sha, wai an ba shi na talakawa. Sai da likita ya ɗora kwalayen biyu a tebur ya nuna masa rubutun ɗaya ne. Ki dai duba lambar NAFDAC a jiki, kuma kar arha ta ja ki kasuwar magani ta Idumota.

Idan kina tunanin saka ta a inshorar mijinki ta ma'aikatan tarayya, wannan ta ma'aikaci ce da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma mai inshorar yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Iyaye sai an biya musu daban. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta ware asusun marasa galihu, tsofaffi suna ciki, don haka in hali ya yi tsanani ki tambaya a ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarku ko za a saka ta kyauta. Ni ban bi ta nan ba.

Ranar da za ku fara zuwa, ki zuba duk kwalayen da take sha a leda, har na gargajiya in akwai, ki kai wa likita. Ki kuma riƙa komawa saura mako guda magani ya ƙare, don in an ce babu a samu lokacin nema. Baba har yanzu yana ajiye rezar a aljihun jallabiyarsa, amma na ƙirga ƙwayoyin jiya, daidai suke.