Wai da gaske akwai kwamfuta a cikin motata?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Motata 'yar Kwatano ce, kwana biyu wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kunno a gaban sitiyari, na kai gareji bakanike ya ce sai an "sa mata kwamfuta", wai ƙila birenbos ne. Ni dai ban ga wata kwamfuta a motar nan ba, ko dai wayo ake so a min?
Daga wani mai karatu, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba wayo ba ne, kwamfutar tana nan, kawai ba ta da allo da madannai ne shi ya sa ba ka ganta ba. Wannan birenbos ɗin ita ce, 'yar akwati ce da take auna iskar da inji ke shaƙa, da zafinsa, da hayaƙin da ke fita ta salansa, sannan ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin da filogi zai ba da wuta, duk kafin ka ƙifta ido. Aikin da kabureta da distiributa ke yi da a tsohuwar Fijo 504 kenan. Kuma ba ita kaɗai ba ce, birki na da tasa, jakar iskar hatsari ma haka.

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wani soket mai rami 16, OBD-II, leƙa ƙasan sitiyarinka, galibi nan yake. Nan bakanike zai jona na'urarsa motar ta faɗi inda ke mata ciwo, abin da yake nufi da "sa mata kwamfuta" kenan.

Wani masani Mark Weiser na cibiyar bincike ta Xerox PARC a Kalifoniya ya hango wannan tun 1991, cewa kwamfuta za ta ɓuya cikin kayan amfanin yau da kullum har a daina lura da ita. To ga shi nan, katin ATM ɗinka, sim ɗin wayarka, mitar wuta mai kati, duk 'yan uwanta ne.

Amma fa "ƙila birenbos ne" ɗin nan bai kwanta min ba. Ba ta cika lalacewa ba sai in ruwa ya shige ta ko an jona batir a baibai. Sau da yawa sensa ce, wato 'yar na'urar da ke kai mata awo, ko waya ta tsinke, kai wani lokacin murfin tankin mai ne bai ɗauru ba. Ka ce ya nuna maka lambar matsalar da ta fito a na'urarsa, in P0300 ce misali, inji ne ke tsallake wuta, a fara duba filogi da koyil tukuna.