Matambayi Ba Ya Ɓata: Mun Je Ganin Jami'a, Alhaji Ya Ce 'Yarsa Ba Za Ta Ba

Jama'ar zango, assalamu alaikum. Tunda aka fara sayar da fom ɗin jami'o'i, saƙonnin da ke shigo mini ta WhatsApp kusan duk maganarsu ɗaya ce, an je kewaya makaranta an dawo da labari. Na zaɓi guda uku a wannan makon, sauran ku yi haƙuri da Kawunku.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni uwa ce daga Aboabo a nan Kumasi, 'yata ta gama SHS, wato babbar sakandare, tana son karatun haɗa magunguna a Tek, wato jami'ar KNUST. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka hau trotro ni da ita da babanta muka sauka a Tek Janshan, ɗan maƙwabciyarmu da ke shekara ta biyu a can shi ya tarbe mu. Wallahi Kawu wurin ya yi kyau, itatuwa ko'ina, iska na kaɗawa kamar ba cikin Kumasi kake ba. Muna cikin tafiya yaron ya ce yanzu za mu bi hanyar Makka, Alhaji har ya gyara hula yana murmushi shi a zatonsa masallaci za a kai shi, muka yi ta tafiya har ƙafata ta fara ciwo ba mu ga ko hasumiya ba sai ajujuwa. Wannan bai dame ni ba. A hanyar dawowa ne muka ci karo da samari sun fi hamsin, wasu ba riga, fuska duk farar hoda, ga ganga ga kuge suna waƙa da Twi suna tsalle. Alhaji ya damƙi hannun yarinyar ya ce mu tafi, har muka iso gida bai ce uffan ba, sai da dare ya ce shi 'yarsa ba za ta zauna cikin matsafa ba. Yau kwana uku yarinya na kuka. Mene ne wannan abin da muka gani, kuma ya zan yi da Alhaji?

AMSA: Hajiya sannu da ƙafa. Ki yafe ni, sai da na yi dariya har na ajiye wayar, domin ina ganin Alhaji a idona yana gyara hular nan. Hanyar Makka suna ne kawai da ɗaliban KNUST suka laƙaba wa titin da ke ɗaukarsu daga wuraren kwana zuwa ajujuwa, kuma in kin tsaya a bakinsa da ƙarfe bakwai da rabi na safe kika ga yadda mutane ke tururuwa kowa na sauri, ba sai an faɗa miki dalilin sunan ba. Masallaci kuwa akwai shi a cikin makarantar, ana Juma'a, kuma ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, GMSA, wadda aka kafa tun 1972, tana da reshe mai ƙarfi a can. Laifin yaron ne da bai fara kai ku nan ba, yaran yanzu sun ɗauka abin da ke burge su shi ke burge dattijo.

Samarin da kuka gani kuma ba matsafa ba ne. Abin da suke yi shi ake kira jama, irin dai wadda Alhaji ke gani a filin Baba Yara in ƙungiyar ƙwallon Kotoko na wasa, sai dai a can bai taɓa cewa tsafi ba ne don shi ma yana ciki yana ihu. Tek na da tsofaffin gidajen kwanan ɗalibai guda shida, Unity da ake kira Konti, University Hall da ake kira Katanga, sai Afirka, Kwins, Indifenda da Rifablik. Konti da Katanga su ne uwa da uba a harkar ganga da waƙa, shekara da shekaru maza zalla ke kwana a cikinsu har zuwa 2018 da hukumar makarantar ta sa mata a ciki. Ba zan ɓoye miki ba Hajiya, wannan canjin bai yi wa tsofaffin ɗalibai da na lokacin daɗi ba, kuma a watan Oktoba na 2018 an yi zanga-zangar da aka fasa motoci da tagogi har aka rufe jami'ar na ɗan lokaci. Gasar da ke tsakanin gidajen biyu ma wani sa'in takan wuce waƙa ta kai ga jifa. Saboda haka tsoron Alhaji ba na banza ba ne gaba ɗaya, amma ba wanda ake kamawa dole a sa shi cikin jama, dubban yara na shiga su fita da digirinsu ba su taɓa shafa hoda ba.

Ni abin da ya fi damuna shi ne kun je kun dawo ba ku ga abin da ya kamata ku gani ba. Na yi shekaru ina koyarwa a sakandare ina ɗaukar yara a bas zuwa irin wannan yawon, kuma kullum abu ɗaya ne, a tsaya a babbar ƙofar nan mai siffar kujerar sarautar Tonawa, wato Ashanti, a ɗauki hoto, a leƙa laburare, a leƙa babban zauren taro, mai rakiya ya ce an buɗe wurin nan a 1952, Kofi Annan ma nan ya fara karatu a 1958, Sarkin Tonawa Otumfuo Osei Tutu II shi ne uban jami'a, kowa ya tafa a koma bas. Duk gaskiya ne, amma 'yarki ba a bakin ƙofa za ta kwana ba. Kun shiga ɗakin kwana kun ƙirga gadaje? Kun leƙa bayi kun murɗa famfo kun ga ko ruwa na zuwa? Kun tambayi 'yan matan da ke ciki inda suke girki, da inda suke sallar asuba, da nawa suke kashewa kan waakye ko koko da ƙosai a sati? Ga kuma babbar maganar da ba a cika faɗa wa iyaye ba: gidajen kwanan cikin makaranta galibi 'yan shekarar farko ake ba wa, daga nan sai yaro ya nemi hostal na haya a Ayeduase ko Kotei ko Bomso, kuma karatun haɗa magunguna a Tek shekara 6 ne. Kin ga ashe unguwannin nan ne ya kamata ku taka da ƙafarku, ku gan su da rana ku kuma gan su bayan isha'i, wace hanya ce ke da fitila wacce ce duhu.

Shi kuwa Alhaji kada ki ja da shi, in namiji ya riga ya furta magana a gaban iyalinsa to ƙofar fita yake nema ba hujja ba. Ki samu wani dattijo da yake jin nauyinsa wanda 'yarsa ta yi karatu a can, su tafi su biyu su yi Juma'a a masallacin makarantar, ya ga 'yan mata da hijabansu sun cika sahu, ya gaisa da liman. In ma kwanan ne ba ya so, tsakanin Aboabo da Tek ai ba tafiya ba ce in ka cire cunkoson Anloga Janshan, tana iya farawa daga gida. Ni dai ban so haka ga mai karatu mai nauyi irin wannan ba, trotro safe da yamma na cin lokaci, amma ya fi a ce ta zauna.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe daga Asawase. Makarantarmu ta kai mu yawon buɗe ido Legon, wato Jami'ar Ghana da ke Accra, tun daga ranar ban ƙara ganin wata jami'a da ido ba. Fararen gine-ginen nan masu jan rufi, da hasumiyar da ke kan tudu, da kasuwar dare inda muka ci abinci, kai har mafarkinsu nake. Babana ya ce ba shi da kuɗin Accra, in yi Kumasi. Ni kuma na rantse fom ɗaya zan saya, na Legon. Me ka gani?

AMSA: Ɗana, rantsuwar nan ka yi kaffararta tun yanzu. Legon dai akwai kyau ba musu, ita ce jami'a mafi tsufa a ƙasar nan, 1948 aka kafa ta tun ana kiran ƙasar Gold Coast, laburaren da kuka ɗauki hoto a gabansa sunan shugabanta na farko David Balme aka sa masa. Ka tuna mini wata tafiya da muka yi da yara, muka ɗauki wani tsoho cikin iyayen don ya taya mu tsaro. Azahar ta yi muna gaban laburaren nan, kafin in waiga baba ya tuɓe takalmi ya naɗe hannun riga ya tsuguna bakin tafkin ado da ke wurin yana alwala hankalinsa kwance, ɗalibai na wucewa suna kallo. Wani mai gadi ya taho da sauri, da ya ga abin da ake yi sai ya tsaya ya harɗe hannu har baba ya wanke ƙafar hagu, sannan ya ce masa cikin ladabi ga hanyar masallaci can. Baba ya dube ni ya ce Malam makarantar nan ta yi, har wurin alwala suka gina a tsakar gida. Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, ban gyara masa ba.

To kai ma irin kallon baba ka yi wa Legon. Jan rufi ba ya ba da admishan. Darussa shida ake haɗawa a sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, uku na dole uku na zaɓi, A1 maki 1 ne, C6 maki 6, kuma wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke gaba. Kwasa-kwasan da ake rububinsu irin likitanci da lauya sai wanda jimillarsa ba ta kai 10 ba yake sa rai. Ba ka faɗa mini abin da kake son karantawa ba, ka lura? Gini ka faɗa mini da abinci. Sannan gado a Legon wahala gare shi, da yawa sai sun kama ɗaki a waje, wasu a unguwar Madina ta Accra wajen 'yan'uwa, kuma tsakanin Kumasi da Accra kusan kilomita 250 ne, ba za ka riƙa zuwa cin tuwon zafin Mma duk Asabar ba. Ka zauna da babanka da biro da takarda ku yi lissafin shekara guda a can da shekara guda a nan. Ka sayi fom ɗin Legon in da hali, ka haɗa da na Tek. In rabonka na kan tudun nan, digiri na biyu ma ana yi a can.

TAMBAYA: Kawu, mun je ganin wata jami'a da ƙanena, ba zan faɗi sunanta ba. Wani mutum da kati rataye a wuya ya tare mu ya zagaya da mu ko'ina, ya san sunan kowane gini, har ruwan leda ya saya mana. A ƙarshe ya ce yana da hanya a ofis, in na tura masa kuɗi ta momo, wato asusun kuɗi na waya, zai sama wa yaron gurbi da gado. Na tura. Yau sati biyu lambar a kashe. Daga wani ɗan kasuwa a Alabar.

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Katin wuya ko a kasuwar Kejetia za a buga maka shi, kuma sanin sunan gine-gine duk wanda ya yi wata guda yana yawo a wurin zai sani. Fom ana sayensa ne ta bankuna da hanyoyin da jami'ar da kanta ta sanar, a cike ta intanet, kuɗin makaranta da na gado kuma asusun jami'a ake biya a ba ka rasit, ba lambar wani mutum ba. Ka ajiye saƙon momo ɗin kada ka goge, ka kai ƙara wurin kamfanin layin da kuma 'yan sanda, ka kuma sanar da ofishin tsaron makarantar da kamanninsa, don ina tabbatar maka yana can bakin ƙofa yana jiran wani da ruwan ledarsa. Kuɗin kam kada ka sa rai sosai. Shi kuma yaron ka duba ko ba a rufe sayar da fom ba, ka kai shi banki gobe da safe.