Robar epidural tana yawan zamewa, me za mu siyo?

Tambaya: Salam, ni nas ce a ɗakin haihuwa, oga ya ce in rubuto kayan da za a siyo. Damuwarmu robar epidural, wato siririyar robar da ake sakawa a gadon baya ana ba da maganin kashe ciwo ta cikinta, likita zai sa wa mace lafiya lau, kafin naƙuda ta yi nisa ta zame, ciwo ya dawo. Mu koma maƙalin roba na Lockit Plus ko mu ci gaba da filastarmu ta Tegaderm?

Amsa: Wa alaikumus salam Sista. Kafin ku fidda kuɗi ku fara duba yadda ake manna ta, don sau da yawa ba laifin filasta ba ne. Mace tana zaune ta lanƙwasa baya aka sa robar, in aka manne a haka, tana miƙewa ko ta kwanta tazarar fata da inda bakin robar yake sai ta ƙaru musamman in mai jiki ce, robar kuma an riga an kafe ta a fata, sai ta janyo daga ciki. To a bari ta miƙe tukuna sannan a manna. Yawanci ana barin santimita 4 zuwa 5 a ciki, kuma a rubuta lambar jikin robar da ke daidai fata a fayil don mai karɓar aiki ta gane in ta motsa.

Sai gumi, wanda da zafinmu na Afrilu shi ne babban mai ɓanɓare filasta. A bar chlorhexidine, maganin da ake goge fata da shi, ya bushe sarai, a ɗan naɗe robar a kan fata, a danne da siririyar filasta ta Steri-Strip, Tegaderm a sama tunda ana ganin wajen ta cikinsa, sauran robar a bi da ita ta baya zuwa kafaɗa.

Lockit Plus maƙali ne da yake cafke robar a bakin fata, yana riƙewa sosai, amma na girman roba daban-daban ne, ku tabbatar robarku ta allurar 16G ce ko 18G (lambar kaurin allura ke nan), kuma wasu suna kukan yana danna musu baya in sun kwanta. Ni dai zan sayi kaɗan saboda masu ƙiba da waɗanda aka yi wa babbar tiyata robar za ta kwana biyu ko uku, na naƙuda kuwa Tegaderm ya wadatar.

Tambaya: In ta fito kaɗan fa, in tura ta ciki?

Amsa: A'a wallahi, abin da ya fito waje ya kwashi ƙwayoyin cuta. Ki rufe wajen, ki kira likitan da ya sa ta.