Kwana huɗu a bakin tekun Birazil: ni dai Salvador zan ce ka je

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ka ce taronku na Sao Paulo zai ƙare ranar Laraba, jirgin komawa gida kuma sai Litinin, kana tambayar wane birni na bakin teku ya dace ka je a kwana huɗun nan, da abin da za ka gani a can. Na ga mutum uku sun riga sun ce maka Rio de Janeiro, kuma ba su yi ƙarya ba, Rio akwai kyau. Amma ni da na yi shekara biyu ina karatu a jihar Bahia, Salvador, babban birnin jihar, zan ce ka je. Dutse da rairayin teku ana samunsu a wurare da yawa. Abin da ke Salvador kuwa, Bahaushe zai riga kowa gane shi. Daga Sao Paulo tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci a jirgin sama.

Bari in fara da ciki. Yammacin da na fara zuwa unguwar Rio Vermelho, ƙamshi ne ya tsayar da ni. Wata mata ce sanye da fararen kaya, ta naɗa ɗankwali, tana zaune gaban kasko tana ɗibar ƙullu da cokali tana sakawa a tafasasshen manja. Ƙosai ne, Alhaji. Ƙosan wake sak, an surfa an niƙa da albasa. Su acarajé suke ce masa, daga akara na Yarabawa. Sai dai nasu ya kai dunƙulen hannu, kuma bayan an tsame shi sai a tsaga shi biyu a cusa masa wani kwaɓi mai suna vatapá, da 'yar miyar kuɓewa, da busasshen jatan lande. Za ta tambaye ka, "quente?", wato da zafi? Ba zafin wuta take nufi ba, barkono ne. Ni na amsa da eh, ina taƙamar mu mutanen yaji ne, sai da na shanye ruwan kwakwa biyu kafin bakina ya dawo nawa. A gefen tiren za ka ga abará, alale ne a ganyen ayaba. In ka shiga gidan abinci na gargajiya kuma, duba ko suna da arroz de hauçá. Fassarar sunan ita ce shinkafar Hausawa: shinkafa mai laushi, an zuba mata soyayyen busasshen naman sa da albasa. Ranar da na fara ganin sunan a takardar abinci, na daɗe ban ce komai ba.

Sai dai a kula. Mutanen Birazil na saka naman alade a wake ba tare da sun ɗauka wani abu ba ne, kuma feijoada, abincin da suke alfahari da shi, alade ne jigonsa. Haddace "sem porco", wato ban da alade, kuma ko sun ce babu ka sake tambaya a kan waken. Mafi sauƙi ka riƙe moqueca, farfesun kifi da madarar kwakwa da manja, wanda ake kawowa yana tafasa a tukunyar ƙasa. Kwano ɗaya na isar mutum biyu.

Yadda sunanmu ya je kan shinkafar nan shi ne ainihin dalilin da ya sa nake tura ka. An kafa Salvador a 1549, ita ce kuma babban birnin Birazil har 1763. Ta tashar jiragen ruwanta aka shigo da bayi masu ɗimbin yawa daga Afirka ta Yamma, kuma a farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadin Shehu Usmanu, Hausawa da yawa da aka kama suka ƙare a Bahia. Ba su zauna shiru ba. A 1807 an tona wani shirin tawaye da Hausawa suka kitsa, a 1814 kuma suka jagoranci bore a Itapuã, wajen masunta, inda yanzu mutane ke zuwa wanka a teku. Babban shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, a cikin Ramadan, wanda ake kira tawayen Malê. Gaskiya Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa a wannan, amma da Hausawa a ciki, har da wani malami Bahaushe da ake kira Dandará. Kimanin mutum 600 suka fito cikin fararen riguna, rataye da layu. Da 'yan sanda suka bi gidajensu daga baya, abin da suka tarar alluna ne da tasbaha da takardu masu rubutun Larabci, ayoyi da addu'o'i, waɗanda har yau wasu na ajiye a ma'adanar takardun tarihi ta jihar. An kashe kimanin 70 a daren, an harbe huɗu daga baya, an yi wa wasu bulala, an kori da dama zuwa Afirka. Ita kanta bautar, sai 1888 Birazil ta soke ta.

To ga yadda za ka taka wurin da ƙafarka. Birnin hawa biyu ne, na tudu da na gangare, kuma abin da ya haɗa su shi ne lif ɗin Lacerda, mai tsayin mita 72, wanda aka buɗe tun 1873. Ka hau daga ƙasa. In ka fito a sama, kowa zai juya yana ɗaukar hoton teku. Kai ka dubi tsohon ginin majalisar birni da ke dandalin. A ƙarƙashinsa kurkuku yake a da, kuma nan 'yan tawayen suka nufa don su fito da malaminsu Pacífico Licutan, wanda aka tsare ba don ya yi laifi ba, sai don ubangidansa ya ci bashi, aka kama shi a matsayin dukiya. Gangaren Ladeira da Praça, inda faɗan ya fara, yana nan kusa da wurin. Daga nan ka taka zuwa Pelourinho, tsohuwar unguwa mai gidaje launi-launi da titunan dutse, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Ma'anar sunan ita ce turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala, don haka ni ban taɓa iya yin hoton murmushi a wurin ba, ko da yake ban ga laifin masu yi ba. Ka shiga gidan tarihin Afro-Brasileiro a dandalin Terreiro de Jesus, awa ɗaya ta isa. Shuɗin cocin da ke gangaren, Rosário dos Pretos, baƙaƙen fata ne suka gina wa kansu, ko daga waje ka gan shi ya wadatar.

A dandalin za ka ci karo da masu capoeira: samari biyu a tsakiyar da'ira suna kai wa juna ƙafa ba tare da sun taɓa juna ba, ana kaɗa musu wani baka mai tsirkiya ɗaya da ƙoƙo a gindi. Tsakanin rawa ne da dambe. In ka ɗaga waya ka ɗauka, ka shirya 'yan canji.

Wajen ƙarfe biyar na yamma ka nufi Farol da Barra, hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Mutane na zama a kan ciyawa suna jiran faɗuwar rana, in ta nutse a teku su yi tafi. Na yi musu dariya ranar farko, zuwa mako na uku da ni ake yi. Rairayin Porto da Barra na kusa, ruwansa kwance, sai dai shigar mutanen bakin teku a can ba irin wadda idonmu ya saba ba ce. In ka san ba za ka iya ba, da sassafe ka je.

Tsaraba kuma sai Mercado Modelo, a gindin lif ɗin, tsohon gidan kwastan ne. Ka taya kamar kana Kurmi, kuɗin farko ba na gaskiya ba ne. Cocin Bonfim mai ƙyallaye masu launi a shinge, in lokaci ya ƙure ka bar shi. Amma ka san da ƙyallayen, domin a Pelourinho wasu za su tare ka su ce kyauta ce, su ɗaura maka a hannu, sannan su tsaya sai ka biya. Ka ce "não, obrigado" ka wuce. Kada ka yi tafiya da waya a hannu, kada ka saka agogo mai tsada, kada ka bi lungun da ba kowa, da dare kuma ka kira Uber. A gabana aka fizge wayar wani abokina, kafin mu ce mene ne yaron ya sha kwana. Turanci ba zai kai ka ko'ina ba, ka sauke manhajar fassara ta Fotugis tun kana otal.

Tun da Juma'a za ta same ka a can, akwai cibiyar Musulunci a unguwar Nazaré, ba nisa da tsakiyar gari. Jama'ar ba su da yawa, limamin da na tarar ɗan Najeriya ne. Asabar kuma ka zaɓi ɗaya: ko ka hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Itaparica, ko ka bi mota zuwa Praia do Forte, kimanin kilomita 80 arewa, inda ake kiwon kunkurun teku. Ban ba ka shawarar Morro de São Paulo, wani ƙaramin gari da ke kan tsibiri, ba, domin sama da awa biyu ne a kan teku mai tangaɗi, ni kaina da leda a hannu na isa. In tafiyar taka ta faɗo tsakanin Afrilu da Yuni ka riƙe lema, lokacin ne ruwa ya fi zuba. Allah Ya kai ka lafiya, in ka samu mai ƙosan nan ka ce mata barkono kaɗan.